Inda Laminu ya kafa na'urar auna igiyar teku

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mamaci. Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Laminu.

Mu 'yan Damagaram ne, ruwan da muka sani na tabki ne. Sai ga wanda na goya ya gama karatun injiniya a garin Villeurbanne, ya samu aiki a Paris, ana tura shi tashoshin jiragen ruwa ya zaɓi inda za a kafa na'urar auna igiyar teku. Ikon Allah ya wuce tunani.

Duk lokacin da ya tafi, hankalina ba ya kwanciya. Wata rana ya zo butikina, wato shagona, a unguwar La Guillotière da ke kusa da Villeurbanne, na roƙe shi ya riƙa sa na'urar a lungu, inda ruwa yake kwance, don kada ya shiga hatsari. Ya yi dariya, ya jawo daron da nake wanke kofuna, ya kaɗa ruwan da hannu. Na ga igiya ta bugi gefe, ta dawo, ta hau kan ta bayanta. Ya ce haka teku ke yi: jikin katanga awo yana zarce gaskiya, a lungu yana gazawa, a hanyar jirage kuma za a banke na'urar.

"Yaya, in na ɓoye ta, lafiya lau za ta ce, matuƙi ya shigo da bayin Allah cikin masifa."

Ban sake roƙonsa ba.

Yanzu an ce a tarho ma ana ganin tsayin igiya. Da yana nan, na san tambayarsa ɗaya ce: a ina aka auna? Nakan tuna jiragen da ke shiga lafiya, ba wanda ya san sunansa a cikinsu.

'Yarsa Nana ta girma, tana so in kai ta tashar da ya yi aikinsa na ƙarshe. Mahaifiyarta ta ce ta kudu ce, ni kuma ina jin ta yamma ya ambata. Ba zan tsayar da marainiya gaban ruwan da ba shi ba ne, in ce ga na babanki.

Don Allah, duk wanda ya yi karatu ko aiki da Laminu, ya sanar da wannan jarida sunan tashar. In ba ka tabbata ba, ka faɗa mini ba ka tabbata ba.