Ƙawanyar Jirgin Kaka

Ina sauke kwalayen ruwa a wani shago a unguwar Rusaifa a Makka, bayan la'asar, wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena Haruna ce. Ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Haruna ya cika." Na ajiye kwalin a hankali, na zauna a kansa.

Ku matasa nake rubuta wa wannan. A unguwar Shisha aka haife mu, mu biyu, a gidan kakanmu. Kaka ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan, ya haye teku daga Sawakin zuwa Jidda a wani jirgin katako mai tafiya da iska. Jirgin da farko ridi da gahawa yake ɗauka. Da ya tsufa hukuma ta riƙa loda masa fursunoni, a ɗaure su da sarƙa a cikinsa. Daga baya ya koma ɗaukar talakawan alhazai. Kaka ya yi aiki a cikinsa har aka farfasa shi, ya ciro ƙawanyar ƙarfe ɗaya, irin wadda ake zura sarƙar. Yakan ce, "A nan ɓarawo ya zauna, a nan alhaji ya zauna. Sai mutum ya zaɓa."

Da zai rasu, sai ya ba Haruna ƙawanyar. Ni ne babba. Daga ranar ko dariya Haruna ya yi sai in ji kamar da ni yake.

Na sace ta. Na kai wa wani maƙeri ya buga min irinta da yawa, na jiƙa su a ruwan gishiri suka yi tsatsa. Lokacin aikin hajji na shiga masaukan mutanenmu a Aziziyya, ina ba da labarin Kaka da irin muryarsa, kowa in ce masa tasa ce ta ainihi. Tsofaffi har kuka suke yi. Kuskuren da na yi, na jefa ta gasken a buhu ɗaya da sauran. Da buhun ya ƙare, ban san wanda ya tafi da ita ba.

Haruna ya same ni ya ce, "Ya akhuya, ɗan'uwana, riƙe komai, ba ni ta Kaka kawai." Na ce, "Kai ne ɗan gata, je ka tono shi ya ba ka wata." Ya dube ni ya fita.

Wanda ya iya sayar da tsatsa zai sayar da komai. Na koma takardun izinin hajji na bogi, na ba da hayar ɗakunan da ba nawa ba. Aka kama ni, na yi shekaru a kurkuku. Haruna yana zuwa duk ranar ziyara. Rannan ya ce, "Kalas, ya wuce, Yaya, na yafe." Wallahi haushi na ji. Na ce a raina, yafiyar ma shi ya riga ni.

Da na fito na tuba, na kama wannan aikin. Kullum in ce sai na yi abin a zo a gani tukuna zan je gidansa in roƙe shi da bakina. Ban je ba.

A Harami aka yi masa salla, sahu ba iyaka. Ina ɗauke da makararsa na ji wani abu yana ce min, kai wa zai taru maka haka? Na tsorata da kaina.

Ku ji ni. Ba yunwa ta kai ni kurkuku ba, kallon hannun ɗan'uwana ne. In an ba naka abin da ba a ba ka ba, ka ce masha Allah da ƙarfi, ko zuciyarka ba ta so. In kuwa akwai wanda ka zalunta, je yau.

Ina roƙon Allah a kowace sujada Ya cire min hassadar Haruna. Har yanzu ba ta gama fita ba.