Halwar da Ta Hana Ni Ganin Mahaifiyata

Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe a ƙirjina. Lokacin da abin ya faru shekaruna goma sha bakwai, ban daɗe da gama makarantar 'yan mata ba, ina zaune a Daudawa wurin goggona wadda ta riƙe ni tun yaye. Ba ni da hayaniya, na fi son in raɓe gindin tsamiya ina ƙulla baitoci a takarda. Ni ce 'yar fari, saboda haka mahaifiyata da ke Ƙanƙara ba ta kama sunana, ba ta kallona ido da ido. In na je hutu sai dai in tarar da fura mai kauri a ɗakina, ba a ce ga wanda ya ajiye ba.

Mijin goggo malami ne, bayan la'asar yakan karanta wa matan gida tarihin bayin Allah na farko yana fassarawa. A nan na ji labarin wata waliyyiya ta ƙasar Iraƙi, wadda ta sha wuyar bauta, aka 'yanta ta, ta ƙi aure da dukiya, ta bauta wa Ubangiji don so kawai, ba don tsoron wuta ko kwaɗayin aljanna ba. Labarin ya shiga raina har na daina jin ɗanɗanon abinci. Na ɗaura niyyar shiga halwa ta kwana arba'in, ina azumi, ba na magana da kowa. Malam ya ce yarinya ba ta shiga halwa ba jagora, na yi ta kuka har ya ƙyale ni. Goggo kuwa kullum in ta turo mini kunun buɗa-baki sai ta yi gaisuwa ga waliyyiyar ɗaki, ta ce ba ta taɓa ganin waliyyin da wasu ke yi wa daka ba.

Ran kwana na talatin da uku wata dattijuwa mai kai daddawa kasuwar Ƙanƙara ta shigo da saƙo. Wai mahaifiyata ta ce a gaya wa waccan ta Daudawa zazzaɓi ya ɗan taɓa ta, amma da sauƙi. Goggo ta yar da muciya ta faɗo ɗakina. Ta ce in tashi in ɗaura zane, shekara goma sha bakwai matar nan ba ta taɓa aiko da zancena ba, wadda kunya ta hana ta kama sunana ba za ta buɗe baki ta ce in zo ba, wannan shi ne kiran. Ta ce motar auduga za ta bi ta can da hantsi. Wallahi na san gaskiya ta faɗa. Amma na ce a raina jarrabawa ce irin ta waliyyai, na ɗaga mata yatsu bakwai, wato kwanakin da suka rage. Ta daɗe tana kallona, ta ce Allah Ya shirye ni, ta tafi ita kaɗai.

Bayan kwana uku Malam ya tsaya bakin ƙofata da safe, ya ce in fito, halwa ta ƙare. Kafin mu isa Ƙanƙara an kai mahaifiyata makwancinta. Goggo ta gaya mini tana kwance a kwanakin jinyar, duk wanda ya yi sallama sai ta juya kai wajen ƙofa. A ranar ƙarshe ta ajiye kunya, ta kira sunana sau uku a gaban mata, ta tambaya ko mota ta iso. Daga nan ta ce a shaida ta yafe mini duniya da lahira. Ni ban nemi gafarar ba, ban kuma taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba.

Bayan sadakar bakwai na tambayi Malam ko waliyyiyar nan za ta fasa halwa don uwa. Ya ce ai waliyyiyar marainiya ce, tana ƙarama iyayenta suka rasu, da tana da uwa a raye da ƙafa za ta taka zuwa Ƙanƙara. Ya ce shi ma da laifinsa.

Yanzu ina aure a Sabuwa, kuma har yau ina son waliyyiyar nan. Sai dai na gane yunwarta da shirunta na ɗauka, na bar soyayyarta. Kaina nake kallo a ɗakin nan, ina jin daɗin yadda na dace da labarin. 'Yan'uwana mata masu karatu, ku yi ibada, amma ku nemi mai ja muku gora. In kuma uwa ta aiko, komai taƙaicin saƙon, ku tashi a ranar. Kwana bakwai na roƙa, uku ne a hannunta.