Baba Saja Ba Ya Tashi Sai Mutane Sun Cika

Har gobe ban manta da ranar da Baba Saja Ishaku ya zare makullin mota ya jefa a aljihu a tashar Faskari ba, ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙanƙarata tana narkewa. Makon jiya muka binne shi, ya kusa shekara ɗari a duniya, kuma tun da na dawo kuke tambayata yadda aka yi na je jana'izar coci na dawo da jajayen idanu. To ku saurara, amma kada ku zaci yabo zalla zan yi, don a duk aikina babu wanda ya ƙona mini rai kamar tsohon nan.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, gwamnati ta ba ofishin dabbobi na Ƙanƙara sabuwar mota da firiji mai aiki da kananzir. Ni ne malamin allurar shanu, ina da ƙuruciya da ɗan jin kai. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Maganin ciwon huhu a firiji yake zama, in za a fita sai a jera shi cikin fulas a cika da ƙanƙara, kuma da zarar ya ɗumama ya tashi aiki. Saniyar da aka yi wa allura sai a tsaga mata kunne don a gane ta. Masu kayar da shanu su ne leburorinmu, ƙaƙƙarfansu kuwa wani Ɗanjuma ne, mai ƙarfin gaske da ƙarancin tunani.

Direbanmu shi ne Baba Saja, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye a bayan Ƙanƙara, wanda ya yi yaƙin Boma yana saurayi. Ba ya tayar da mota sai ya cire hula ya yi addu'a, addu'ar kuma ba gajera ba ce. Sai ya ambaci matarsa Mama Saratu, ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya gangara kan jikoki, sannan ya zo kanmu. Duk shekara ana yi masa haihuwa, duk shekara addu'ar na ƙara tsawo. Gudu kuwa, mai keke ya sha wuce mu yana ɗaga mana hannu. In lokacin salla ya yi, ko ba mu ce komai ba zai gangara gefen hanya ya miƙo mana jarkar ruwa. Sannan ga babbar dokarsa: motarsa ba ta motsawa sai ya leƙa baya ya ga fuskar kowa.

A shekarar, bayan kaka, na sha wuya kafin na shawo kan wani Ardo a dajin Sabuwa. Mutanensa sun ɗauka allurar dabara ce ta ƙirga shanu don haraji. Na yi ta sintiri har ya yarda zai tara garkunan wuri guda ya riƙe su zuwa hantsi, daga nan dole a sake su kiwo. Ya kuma gaya mini suna dab da yin kudu. In na saɓa, shanun nan za su tafi babu rigakafi, ni kuma ba zan sake samun fuskar shiga rugar ba.

Muka bar Ƙanƙara da asuba, muka tsaya Faskari ɗaukar igiyoyi. Da aka gama lodi Baba Saja ya leƙa baya, ya dawo ya kashe mota. Babu Ɗanjuma.

Na ce mu tafi, matasan Ardo za su kayar mana da shanun, shi kuwa ya hau motar kasuwa ya koma gida. Baba Saja ya gyara zama. Na tuna masa cewa ni ne shugaban tafiyar. Ya yarda da hakan ɗari bisa ɗari, har da sara mini. Na buɗe fulas na nuna masa ruwan da ya fara taruwa a ƙasa. Ya duba da kyau, ya girgiza kai cikin tausayi, sannan ya zare makulli.

"Malam, da shi munka hito," in ji shi. "Da shi za mu tai."

Na yi magiya, na yi barazanar kai ƙara, har na ce zan tuƙa da kaina alhali ban iya ba. Ya rarraba leburori kamar yana filin daga, wannan gabas, wannan yamma, shi ma ya bi layin mahauta da tafiyarsa ta soja. Ni na zauna na rungume fulas, na lulluɓe shi da rigata, raina kamar ya fita.

Da a ce an samu Ɗanjuma a kwance maciji ya sare shi, da na haƙura. Ina! A bayan tasha aka same shi zaune gaban wanzami, an aske rabin kansa, suna ta hirar dambe. Na ce ya tashi haka nan. Baba Saja ya ce ba a zuwa aikin gwamnati da rabin kai, wanzami ya ƙarasa. Wallahi ranar na san ina da haƙuri, tunda ban kwashe shi da fulas ɗin ba.

Mun isa Sabuwa rana ta take tsaka. Babu komai a filin sai kashin shanu da sawu. Maganin ya ɗumama, na zubar da shi da hannuna. Ardo na zaune a gindin itacen kirya, na yi sallama ya amsa ba tare da ya dube ni ba.

Ina neman ta inda zan fara, sai Baba Saja ya cire takalmi ya zauna a gabansa. Ya ce laifin ba na malam ba ne, nasa ne, kuma ya faɗi abin da ya tsayar da mu har da maganar askin. Ardo ya tambaye shi ko don mutum guda da ya tsaya aski ya bar shanu masu yawa haka suna jira. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Baba Saja ya ce a dajin Boma an taɓa ba su umarnin tashi da gaggawa, shi ke tuƙi, sai da suka yi nisa aka lura babu Musa, wani ɗan garin 'Yargoje da suke cin abinci kwano ɗaya, ya je ɗebo ruwa. Ba a koma ba. Bayan yaƙi shi ya kai wa uwar Musa labari.

"Ba ta yi kuka gabana ba," in ji shi. "Tambaya guda ta yi mani, wa ke tuƙa motar. Nan na yi ma Ubangiji alkawari."

Ardo ya ɗago ya dubi tsohon. Can ya ce shi ma ba ya tashi daga mashaya sai ya ga kowace saniya da idonsa, ko da gurguwa ce. Ya ce zai jinkirta tafiya kudu, mu dawo jibi, amma wannan tsohon ne zai kawo mu.

Na fara hamdala ke nan Baba Saja ya gyara murya ya ce jibi Lahadi ce, shi kuwa ba ya taɓa sitiyari ranar Lahadi, yana coci da iyalinsa. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ardo ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce to Litinin. Ranar Litinin muka yi wa shanun allura kaf. Faɗan asarar magani kuwa ni kaɗai na sha shi a ofis, Baba Saja na waje yana wanke mota yana rera waƙar coci.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan don a taya ni jin haushi, kuma har yanzu ina ganin da an bar askin nan. Abin da na gane daga baya shi ne, a aikinmu magani ana sake ɗebo shi a firiji, amma makiyayi ba allura yake dubawa ba, mutumin da ya kawo ta yake dubawa.

Ranar jana'izar, mu tsofaffin ma'aikata bas guda muka yi haya. Coci ya cika har waje, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, duk waɗanda na sha jin sunayensu ina cizon yatsa. Da aka watse direban bas ɗin ya tayar da mota yana ta danna ham, wai hadari ya haɗo. Na waiwaya na duba fuskoki. Kujera ɗaya babu kowa, kuma tun kafin a faɗa na san ta wa ce.

Na sauka na zagaya bayan coci. Ga Ɗanjuma can, da furfurarsa da sandarsa, tsaye a kan kabarin shi kaɗai, hularsa a hannu. Na koma na ce wa direban ya kashe mota. Ya fara ƙorafi, na miƙa hannu na zare makullin na sa a aljihu.