Dije da cinyar kaza

Innalillahi, yau na firgita tun ban karya ba.

Da safiyar nan 'yar aminiyata ta Roni ta kira ni tana kuka, wai jiya an kwashi uwarta Dije zuwa asibiti a Kano, an yi mata aiki a ciki. Na zauna a bakin murhu ina ta salati. Sai da yarinyar ta gama jan majina sannan ta ce ai an fito da ita lafiya, ta farfaɗo, har tana yi wa nas faɗa a kan koko ya yi ruwa.

Alhamdulillahi. Kun ji 'ya'yan yanzu, sai sun kusa kashe tsohuwa kafin su ba ta labari mai daɗi.

To tunda Allah ya bar min ita, bari in faɗi abin da na riƙe tun bara.

Dije ce ta zauna da ni har na fita takaba lokacin da Malam ya rasu. Ita ke zura min zare a allura. Amma a bikin jikata Nafisa, nan Kazaure, na ci mata mutunci a kan kaza.

Kajin gidan gona aka sayo, manya, daga firiza. Mu da muka saba da kajin gida, a tafasa sannan a soya. 'Yan matan suka ce waɗannan ba sa son tafashe, dagargajewa suke yi, suka antaya su a mai da sauran ƙanƙara a jikinsu. Suka fito jawur gwanin sha'awa. Na ɗauki fiffike na ci, na ce ya yi, a zuba a kula. Dangin ango sun iso daga Babura, bas biyu.

Sai ga Dije da wuƙa. Ta ɗauki cinya ta tsaga har ƙashi. Wani ruwa ja-ja ya biyo wuƙar, naman ciki yana sheƙi. Ta kama yatsana ta dangwala a wurin, ko ɗumin kirki babu.

Na ce, "Ke Dije, ni fa na ɗanɗana."

Ta ce, "Fiffike kika ci, Yaya. Su cinya za a ba su, kuma da yara suka zo."

Ta rufe kular ta zauna a kai. Wallahi da mazaunanta ta tsare kajin nan. Ta sa aka tsattsaga su aka mayar wuta, ta ce ba za su fita ba sai naman ya yi fari har ƙashi, ruwansa ya fito garau, tururi na tashi daga ciki. Tiren da ɗanyen naman ya kwanta a kai ma sai da aka wanke da sabulu.

Baƙi suka zauna da shinkafa tana hucewa har la'asar. Goggon ango ta leƙo ta ce, "Mutanen Kazaure, kajin naku sai an ƙyanƙyashe tukuna?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kunya ta sa na juya kan Dije, na ce mata mai iyayi, ta tozarta ni gaban surukai. Ita kuwa Dije ta ci gaba da tsaga.

Bayan wata biyu na ci irin wannan kazar a wani gidan suna. Kwana uku ina zarya da buta, sai da aka ƙara min ruwa. Ina kwance ina tuna yaran Babura, da hanyar da za su bi su koma gida. Na gane, amma ban faɗa wa Dije ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Gwiwa ce, makon jiya, wajen walima. Ta miƙo min cinya a tsage ta ce, "Ci, na duba miki." Nan ya kamata in ce ta yafe min. Kun san me na ce? Na ce gishiri bai ji ba.

Da safen nan, kafin yarinyar ta ƙarasa magana, abin da ya tsaya min a rai ke nan.

Dije, na san za a karanta miki. Ke ce da gaskiya, ni ce mai laifi, ki yafe min. A gaban jama'a na zage ki, ga shi a gaban jama'a na roƙe ki. Kada ki saba, sau ɗaya ne.

Allah ya tashi kafaɗunki, ya sa kaffara ne, ya mayar da ke ɗakinki da ƙafafunki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka min ita a addu'a, ko bai san ta ba.