San Huɗa da Takardar Bakin Tasha

Cikin shekara biyu da sayen motata na yi hatsari uku. Na farko katangar makarantar da nake koyarwa a Kankara na daka, na biyu mai babur na ture a hanyar Faskari, Allah ya tsare bai karye ba, na uku kuma rami na faɗa ina duba waya. Abokan aiki har cewa suke idan na tayar da mota kaji ma neman mafaka suke yi. Ni kuwa kullum laifin hanya nake gani.

Da inshorata ta ƙare na je ofishin wani kamfani a Funtua. Ma'aikacin ya tambayi tarihin tuƙina, ya zagaya motar ya ga duk inda aka yi mata ciko. Ya ce cikakkiyar inshora ga direba irina tana da tsada, ya faɗi kuɗin da ya fi albashina nesa ba kusa ba. Ya ce ko ba komai in yanki ƙaramar, wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani. Amma kalmar nan ta “direba irinka” ta riga ta tsaya mini a wuya, na fice a fusace. A bakin tasha wani mai buga takardu ya yi mini wata da hatimi da komai, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Na san abin da na saya. Kowa ya san irinta, ta nuna wa 'yan sanda ce a shinge.

Gab da faɗuwar damina, wata la'asar kusa da Mabai, na buge wani sa. San huɗa ne, ɗaya daga cikin biyun da wani dattijo yake noma da su. Ƙafarsa ta karye, jini na fita ta hanci. Kafin in fito daga mota jama'a sun taru, wani har ya ɗauko wuƙa. Haka suke yi: dabbar da ba za ta tashi ba a yanka ta tun da ranta, a yi watanda, kowane gida ya sayi kashi, mai ita ya samu abin da zai cika ya sayi wata.

Tsoron taron ya kama ni, ga son a san cewa ni ba ƙaramin mutum ba ne. Na ɗauko takardar nan na ɗaga.

“Kada ku yanka,” na ce. “Motar nan tana da inshora. Kamfani zai biya kuɗinsa gaba ɗaya, amma sai sun zo sun gan shi yadda yake.”

Dattijon ya dubi san, ya dube ni. “Malam, ka tabbata? San ga ba shi kai gobe.”

“Baba, ni fa malamin makaranta ne.”

Iyakar hujjata ke nan, kuma ta ishe shi. Ya ce a mayar da wuƙa.

Kafin gari ya waye san ya zama mushe, aka ja shi daji. Ni kuma na tafi Funtua kamar mai gaskiya. Ma'aikacin nan ya buga lambar takardar a kwamfuta, babu ita. Miƙo mini ita kawai ya yi.

Sai da na kwana huɗu kafin ƙafata ta iya komawa Mabai. An yi ruwan shuka. Na tarar da dattijon a gona ya sunkuya da fartanya, ɗaya san yana ɗaure a gindin kuka, don sa ɗaya ba ya jan garma. Na shirya maganata tun a hanya, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne wai kamfani ya ce takardar ta jabu ce.

“Allah sarki,” ya ce. “Ashe kai ma cutar ka aka yi. Yi haƙuri, Malam, duniyag ga ta lalace.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Daga baya na sayar da motar na saya masa wani san, amma huɗar shekarar ta riga ta wuce shi, rabin gonar ciyawa ta cinye. Har yau idan muka haɗu a kasuwar Kankara sai ya riƙe hannuna ya nuna ni ga mutane, ya ce ga malamin da aka cuta amma bai gudu ba. Kunya takan rufe ni, in sunkuyar da kai, su kuma su ce tawali'u ne. Ban taɓa gyara masa ba.