Yanzu Har Da Na'ura Nake Kiwo

Ina tsakiyar cinikin dusa a Dutsin-Ma saƙo ya shigo wayata: ruwan kaji ya ƙare.

Ga zafin ranar nan da kuka sani. Na bar buhu a shago, na bugo babur har Rawayau, raina duk yana kan kajin Alhajinmu da nake kiwo.

Na iso, tanki cike fal. Ashe saƙon jiya ne, rashin sabis ya riƙe shi sai yau.

Na'ura ce ɗan Alhaji ya ɗaura mana, komai ya motsa sai ta sanar. A buɗe ƙofa, saƙo. A rufe, saƙo. Ni ke loda mata data, ni ke goge mata sola.

Na kira shi. Ya ce, "Haba Sani, tsohon saƙo ne, ka riƙa share irinsu."

Na ce, "To Injiniya, ranar da na share na gaskiya fa?"

Ya ce, "Sai ka riƙa leƙa tankin."

Abin da nake yi ke nan tun kafin a kawo ta!

Da kaji kaɗai nake kiwo, yanzu har da na'ura. Jama'a, ku da aka kawo wa irin wannan sauƙin, ya kuka ƙare da shi?