Na Ɓoye Tukunyata, Hayaƙi Ya Ci 'Yata

A shekarun da damina ta yi ta gardama, ina matar aure mai 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Bici. Gidanmu gidan rufin asiri ne a da, har maƙwabta kan aiko da kwano a zuba musu. Da rumbu ya ƙare, maigida ya tafi birni neman aikin ƙarfi, muka koma faten tsaki da rama sau ɗaya a yini. Ni kuwa ina da girman kai. Ban so sauran matan da muke gida ɗaya su ga abin da ke cikin tukunyata, sai na ɗauke murhu daga tsakar gida na kai shi ɗakin kwanana, na toshe 'yar tagar da tsumma, in zan yi girki in saki labule.

A wajenmu gona ta haɗe da gona, babu dajin itace. Kara nake ƙonawa da kashin shanu, in wuta ta ƙi kamawa in cusa leda ko tsohon silifa. Autata tana goye a bayana, kanta daidai inda hayaƙin ke taruwa. Surukata ta sha yi mini magana, tana cewa yarinyar nan idonta kullum ja, in fito da wutar waje, babu wanda bai san yunwa ba a bana. Na ce mata mura ce kawai.

Tari ya kai wata biyu ina ba ta jiƙo. Ranar da na ga haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi, ta kuma ƙi nono, muka hau babur zuwa asibiti. Malamar asibitin ta sunsuna zanen goyon, ta tambaye ni a ina nake girki. Na ce mata a ɗakin kwanana. Kwananmu biyu Allah ya karɓi abarsa.

Matan da nake ɓoye wa tukunya su suka yi mata wanka. A zaman makoki na ji cewa kusan kowane ɗaki tsakin nan ake ci.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ni na toshe tagar. 'Yan'uwana mata, ku yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, ku bar ƙona leda, ku sauke goyo nesa da murhu. In yaro yana numfashi sama-sama, kada ku tsaya jiƙo. Talauci kowa ya gani ya wuce. Ni abin da na saya da kunyata, har yau ban gama kukansa ba.